Maigida ya gina gida a Tukra, ni kuma hankalina yana Marjandafak

Wata baiwar Allah daga Njamena ta aiko da doguwar wasiƙa, ga abin da ta ƙunsa a taƙaice. Ita da maigidanta da 'ya'yansu huɗu da mahaifiyarsa suna zaune a gidan haya a Marjandafak, kusa da babbar kasuwa, inda maigidan yake da shagon yadi. Tana haɗa humra da turaren wuta a gida, mata suna shigowa suna saya. Yara da ƙafa suke zuwa makaranta da Islamiyya, Hajiya kuma tana takawa zuwa masallaci da gidajen ƙawayenta ba tare da ta jira wani ya kai ta ba. Yanzu maigida ya kammala gini a filin da ya saya a Tukra, sabuwar unguwa a bayan gari, ƙetaren kogi, ya ce bayan Sallah za su tare, domin ya gaji da biyan haya da hayaniya da ƙura da warin kwata, kuma yana tsoron kada babban ɗansu ya lalace a majalisar samarin unguwa. Ta rufe da cewa: "Na san wahalar da ya sha kafin ya tsayar da ginin nan, ina kuma jin kunyar in nuna masa ba na murna. Amma duk lokacin da na tuna da can sai gabana ya faɗi. Shin butulci ne yake damuna, ko kuwa akwai abin da ya kamata in faɗa masa?"

Ƙanwata, Allah Ya sanya alheri a gidan, Ya sa a shige shi lafiya a duk lokacin da aka ƙaddara. Abin da kike ji ba butulci ba ne, kuma akwai abin da ya kamata ki faɗa wa maigida, amma sai kin fara tantance shi a zuciyarki, domin idan kika je masa da faɗuwar gaba kawai, shi kuma yana riƙe da makullin gidan da ya gina da guminsa, ba za ki samu kunnensa ba. Maigidanki ya yi lissafin gida: kuɗin fili, siminti, kwano, da hayar da zai huta biya. Lissafin unguwa ne bai yi ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba, saboda mutumin da yake da babur ba ya jin nisa kamar yadda wanda ba shi da shi yake ji. Wannan lissafin da ya ɓace shi ne aikinki ki kawo.

Yana da kyau ki san dalilin da ya sa unguwarku take yadda take. Garin nan an kafa shi a 1900 da sunan Fort-Lamy, bayan yaƙin Kuseri da Rabeh ya mutu a cikinsa, sai a 1973 aka sake masa suna zuwa Njamena. Tsofaffin unguwannin da suka kewaye kasuwa, irin su Marjandafak da Ambasatna, sun girma ne a zamanin da talaka ba shi da abin hawa sai ƙafarsa ko jakinsa, kuma cikin waɗanda suka zauna a garin tun farko har da iyayenmu Hausawa, fatake da maniyyata da suka biyo hanyar Makka ta ƙasa, wasu suka yada zango a nan don neman guzuri, zangon ya zama zama. Mutanen da suke tafiya da ƙafa dole su ja komai kusa da su, shi ya sa mai niƙa da mahauci da tela da malamin allo da masallaci da mai gyaran takalmi duk suke cikin 'yan layuka kaɗan. Sababbin unguwanni kuwa akasin haka ake yin su. Ana fara yanka filaye a sayar, kowa ya kewaye nasa da katanga, daga baya kasuwa da makaranta da hanya su biyo, wani lokaci bayan shekaru masu yawa. Ƙidayar 2009 ta samu mutane kusan miliyan ɗaya a garin, tun daga lokacin kuma faɗaɗa yake ta yi ta kowace kusurwa, ayyukan more rayuwa suna binsa a baya da ɗingishi. Abin mamaki, a Paris tun 2020 hukumar birnin ta rungumi wani tsari da burinsa shi ne kowa ya samu kasuwa da makaranta da asibiti cikin tafiyar minti 15 daga ƙofar gidansa, ana ta kashe kuɗi a kai. Ke kin gaji irin wannan kyauta, ko da yake tare da ƙura da kwata.

Sai ki duba su wane ne a gidanku za su biya kuɗin nisa. Maigida zai tayar da babur da safe ya dawo da dare, harkarsa da abokansa da sallolinsa na jam'i duk suna nan a kasuwa kamar yadda suke, abin da zai ƙaru masa shi ne gajiyar hanya. Ku shida da za a bari a gida ku ne rayuwarku za ta sauya daga tushe. Yau idan kina cikin girki kika ga daddawa ta ƙare, ƙaramar 'yarki za ki aika, kafin albasa ta soyu ta dawo. Idan aka yi rasuwa a layi na uku, mayafi kawai za ki yafa ki je ki yi gaisuwa ki dawo kafin la'asar. Idan yaro ya tashi da zazzaɓi da tsakar dare, akwai maƙwabcin da za a buga wa ƙofa, kuma manyan asibitocin gwamnati, har da asibitin uwa da yara, suna wannan ɓangaren na kogi. A can kowace fita sai an shirya mata, a nemi izini, a nemi kuɗin kilando, wato babur ɗin haya, a nemi wanda zai zauna da gida, kuma fitar da sai an shirya mata sau da yawa fasa ta ake yi. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, to idan ƙafa ba ta iya kaiwa, da sannu zai koma gaisuwar waya.

Hajiya ce ta fi ba ni tunani a duk wasiƙarki. Tsohuwar da take takawa zuwa masallaci, ta tsaya a ƙofar wannan ta gaisa, ta zauna a zauren waccan ta sha shayi, ta biya ta wajen mai goro, tana samun abubuwa biyu da likita ba ya iya rubuta mata a takarda, wato motsa jiki da ganin mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, har da tsofaffi, kuma Hajiya tana cika wannan ba tare da ta taɓa jin labarinsa ba. Idan aka kai ta gida mai faɗin tsakar gida da doguwar katanga, inda ba ta san kowa ba, za ta samu iska mai kyau, amma za ta zauna a tabarma daga hantsi zuwa magariba. Tsufa kuwa yana saurin kama wanda ya daina fita. Wannan magana ce da ɗa zai saurara idan aka faɗa masa cikin ladabi, domin ba na jin ya gina gidan ne don ya killace mahaifiyarsa.

Sana'arki ma ki sa ta a ma'auni, kada ki raina ta don a ɗaki ake yin ta. Humra da turaren wuta kaya ne da ake saya da hanci. Matar da ta shigo kasuwa sayen atamfar biki, aka ce mata akwai wata mai haɗi a bayan layin nan, ta leƙo, kika ɗiga mata a bayan hannu, ta shinshina, ta jira ya ɗan bushe ta sake shinshinawa, sannan ta ce a zuba mata ƙaramar kwalba, wannan cinikin kusancin kasuwa ne ya kawo shi. Kayan haɗin ma, sandal da farce da miski da kwalabe, a nan kusa kike samunsu, kina iya zaɓa da hannunki. Tsofaffin masu sayenki na haƙiƙa za su bi ki ta waya, amma masu faɗowa ba shiri, waɗanda su ne suke zama sababbin masu saye, ba za su ƙetare kogi don kwalba ɗaya ba. Ki zauna ki ƙiyasta abin da kike samu a wata, da abin da kike ɗauke wa maigida da shi, sabulu ne, kuɗin tara na yara ne, gudunmawar biki ce, domin duk abin da ya faɗi daga hannunki aljihunsa zai koma.

Daga nan sai lissafin hanya. Tukra tana gunduma ta 9, tsakanin kogin Shari da Logon, duk mai zuwa kasuwa daga can sai ya hau gada, kuma kowa a garin nan ya san yadda bakin gada yake cushewa da safe da kuma gab da magariba. A watan Fabrairun 2024 an ɗaga farashin litar fetur daga sefa 518 zuwa 730, kuma duk da matatar Jarmaya da take aiki tun 2011, garin yakan shiga ƙarancin mai, a ga layi a gidajen mai, masu kilando su ƙara kuɗi. Ki ɗauki takarda ki rubuta man da maigida zai sha zuwa da dawowa kwana shida a mako, da gyaran babur, da abincin rana da zai riƙa saya tun da ba za a iya aika masa daga gida ba, da kuɗin kai yara makaranta idan ba a sauya musu ba, da ruwa idan babu famfo, da fitarki da ta Hajiya ko da sau biyu ne a mako. Ki tara, ki ajiye kusa da kuɗin hayar da kuke biya yanzu. Mai yiwuwa haya ta fi, mai yiwuwa su yi kusan kunnen doki, amma ko yaya ta kaya, ɗan kasuwa ya fi jin maganar da aka zo masa da ita a rubuce.

Kada wannan ya sa ki ɗauka maigida ba shi da hujja. Yana da ita, mai ƙarfi ma. Ɗan haya ba shi da tabbas, ana iya ƙara masa kuɗi, ana iya cewa ɗan mai gida zai yi aure a ba shi wata uku ya tashi, kuma a tsakiyar gari inda fili yake ƙara daraja ana iya sayar da gidan a rushe a yi shaguna. Namijin da ya mallaki muhalli ya cire wa iyalinsa babbar fargaba, musamman idan ta Allah ta kasance. Ƙorafinsa a kan tsabta ma gaskiya ne. Garin nan shimfiɗaɗɗe ne, ruwa ba ya samun gangara, a watan Agusta kwatoci sukan cika su tumbatsa cikin layi, ruwa ya kwanta, sauro ya yi yawa, zazzaɓin cizon sauro ya bi gida-gida. A watan Afrilu kuma, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ƙaramin ɗaki mai rufin kwano a cikin cunkoson gidaje azaba ne, ga ɗaukewar wuta. Idan kika yi masa magana kamar Marjandafak aljanna ce, zai san ba gaskiya kike faɗa ba, ya rufe kunne ga sauran.

A kan babban ɗanku ne nake ganin ya yi kuskuren hange. Tsoronsa yana da tushe, ƙwaya irin su taramol ta ɓata samari da yawa a garuruwanmu, kuma majalisa takan zama ƙofarta. Sai dai a tsohuwar unguwa yaro yana tafiya ne a ƙarƙashin idanu masu yawa. Mai shayi ya san ɗan wane ne, tela ya san shi, liman ya san shi, kuma shagon ubansa yana nan kusa, kafin ya kai gida labarinsa ya riga shi. A sabuwar unguwa mai kangaye da filayen da ba a gina ba, inda maƙwabta ba su san juna ba, uba kuma ya fita tun sassafe sai bayan isha, yaro ya fi samun wurin ɓuya. Majalisa kuwa babu unguwar da ba ta da ita. Abin da ya fi tsare saurayi shi ne a cika masa lokacinsa, ya tashi daga makaranta ya wuce shago ya taya mahaifinsa auna yadi, kuma wannan ya fi sauƙi idan shagon tafiyar ƙafa ne.

Akwai abubuwa biyu da ba ki ambata ba, kuma sun fi duk abin da na lissafa nauyi. Na farko ruwa. A watan Oktoban 2022 kogunan Shari da Logon sun yi ambaliya, gunduma ta 9 ce ta fi shan wahala, unguwanni irin su Waliya suka nutse, dubban mutane suka bar gidajensu, har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci. A 2024 ma kogin ya sake cika ƙwarai. Ba duk Tukra ce take nutsewa ba, akwai tudu akwai kwari, har ma a can aka tsugunar da wasu daga cikin waɗanda ambaliyar ta kora, don haka tambayar ita ce a ina filinku ya faɗa. Wanda ya sayar da fili ba shi ake tambaya ba. A tambayi waɗanda suka riga ku zama, a dubi katangun da suka daɗe ko akwai zanen da ruwa ya bari a jikinsu, a kuma tuna cewa cikar kogi tana zuwa ne bayan damina ta ɗauke, wajen Oktoba da Nuwamba. Na biyu takarda. Filaye da yawa a bayan gari ana sayensu ne da takardar cinikin da bulama ya sa wa hannu, wannan kuwa ba ita ce takardar mallaka ta hukuma ba, kuma an sha ganin fili ɗaya an sayar wa mutum biyu, ko a wayi gari a ce wurin gwamnati ta keɓe shi. Mutanen garin nan ba su manta da rusau na 2008 ba. Ki tambayi maigida a hankali ko ya kai takardunsa ofishin filaye, a matsayin mai tayawa tsaron dukiya.

Game da yadda za ki yi maganar, ki fara da abin da yake haƙƙinsa, wato godiya da addu'a, ki kuma nemi ya kai ki ki ga gidan idan ba ki je ba, ki yaba abin yabawa. Idan kun je, ki roƙe shi ku ajiye babur ku taka tare zuwa masallaci mafi kusa, da inda ake sayar da kayan miya, da makarantar da yara za su shiga, da bakin titin da ake samun mota, da rana tsaka, ba da sanyin yamma ba. Gani ya kori ji, abin da ƙafarsa ta auna ba sai kin yi masa dogon bayani ba. Maganar lissafi kuma ki bari sai kuna ku biyu, ya ci abinci ya huta. Kada ki yi ta a gaban yara, kada kuma ki zuga Hajiya ta yi miki yaƙi, domin idan ya gane an haɗa baki da mahaifiyarsa an juya shi, ko ya bi umarninta zai riƙe ki a zuci. Idan ita da kanta tana da damuwa, ta fi ki sanin yadda za ta faɗa wa ɗanta. Ki tuna samar da mazauni nauyi ne da addini ya ɗora masa, yanke hukunci a kai kuma nasa ne. Naki shi ne shawara ta gaskiya, kuma ɓoye ta don kunya ba biyayya ba ce.

Abin da zan so ki gabatar masa shi ne jinkiri mai dalili, ba ƙin tafiya ba. A sa ɗan haya a gidan Tukra na shekara ɗaya ko biyu, tun da akwai harabar Jami'ar Njamena a can, ɗalibai da ma'aikata suna neman wurin zama, abin da aka karɓa a rage hayar Marjandafak da shi. Ta haka gidan yana nan nasa, an ga yadda zai yi da damina da cikar kogi ba tare da an jefa yara da tsohuwa a gwaji ba, an samu lokacin kammala takardu, unguwar ma ta ƙara cika. Hayar can ba lalle ta kai ta tsakiyar gari ba, cikon da ya rage shi ne kuɗin zama kusa da komai, kuma idan kika ce za ki sa hannu a cikon daga cinikin humra, zai san da gaske kike. Idan bai yarda da shekara ba, ki nemi aƙalla a bari yara su ƙare zangon karatu, a kuma wuce Nuwamba.

Yana yiwuwa ya saurare ki tsaf ya ce duk da haka za a tashi. Idan haka ta faru, ki bi shi da sakin fuska, ki nemi abubuwa ƙayyadaddu tun kafin a ɗaure kaya, domin alkawarin da aka yi kafin tashi ya fi wanda ake nema bayan an tare. Ki nemi ɗan wuri a shagonsa da za a jera kwalabenki, da rana ɗaya a mako da zai zo da ke kasuwa ki sayi kayan haɗi ki ga masu sayenki, sauran ciniki a yi ta WhatsApp shi ya riƙa kawo saƙo. Ki nemi a riƙa kawo Hajiya ranar Juma'a ta yi salla a masallacin Sarki Faisal ta wuni wajen ƙawayenta. A can kuma kada ki zauna jiran a zo miki sannu da zuwa, ki shiga gidajen maƙwabta da ɗan turare a hannu tun makon farko, ki san wace ce ungozoma, wa yake da mota idan lalura ta taso da dare, ki kuma san hanyar asibitin da ke Waliya. Unguwannin Dembe da Digel ma a da bayan gari ne, yau kasuwanninsu sai an yi da kyar ake ratsawa, kuma matar da ta riga kowa fara sayar da humra a sabuwar unguwa ita amare za su fara nema. Gidan Marjandafak kuwa, ki roƙi maigida kada ya mayar da makulli sai an ga yadda kogi ya yi a bana, ko da zai biya hayar wata biyu a banza.